Kebul ɗin cajata na ɗaukar zafi, caji kuma na jan ƙafa

Tambaya: Salam Malam, don Allah duk sanda gari ya ɗau zafi sai in ji kebul ɗin cajata ya yi ɗumi, wayar kuma ta daɗe ba ta cika ba. Wani abokina ya ce wai zafi ne ke tare wutar a cikin kebul, da gaske ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya taɓo gaskiya, amma laifin da ya ɗora wa kebul ya yi yawa. Zaren da ke cikin kebul galibi jan ƙarfe ne, kuma lallai ƙarfe in ya yi zafi turjiyarsa ga wutar lantarki tana ƙaruwa, saboda ƙwayoyin zarra da ke cikinsa sai su hau kakkarwa, su kuma elektiron masu ɗauke da wutar su yi ta karo da su, kamar mai son ratsa taron jama'a ana ta tsalle-tsalle. A jan ƙarfe ƙarin bai wuce kusan kashi 0.4 cikin ɗari ba a kowane digiri ɗaya na Salshiyas, ka ga ko zafin ya hau da digiri 25 kusan kashi 10 ne kawai, wannan ba zai sa cajin awa ɗaya ya koma awa uku ba.

Inda abin ke fitowa fili sosai shi ne tsohon kwan fitila mai zaren ƙarfen tungsten, yana kunne turjiyarsa ta ninka ta lokacin da yake sanyi sau goma ko fiye, shi ya sa ma yawanci daidai lokacin kunnawa yake ƙonewa, wuta ce ke kwararo masa da yawa kafin ya ɗau zafi.

To me ke rage maka caji? Wayar ce da kanta. Akwai ɗan na'urar auna zafi a jikin batir, da ta ji ya yi zafi sai wayar ta rage wutar da take ja da gangan don kar batirin ya lalace.

Shi kuwa ɗumin kebul, in kaɗan ne ba komai. Amma in kan kebul ɗin ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, ko robar ta fara laushi, to zaren siriri ne ko bakin ya saki, canza shi kawai kar ka tsaya naɗe shi da salatif. Sannan cire wa wayar rigarta in za ka sa caji, ka daina tura ta ƙarƙashin filo ko buga gem tana jone.