Ku fara da aikin da zai ƙare kafin rana ta faɗi

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Ka ce ku biyar ne, abokai tun na ƙuruciya, kuna son ku riƙa haɗuwa ranar Asabar kuna taya juna ƙananan ayyukan gida maimakon kullum a zauna hira har yamma. Kana tambaya da wane aiki za ku fara, kuma yaya za ku yi kada abin ya jawo ɓacin rai a tsakaninku. Mu huɗu ne, yau shekara 7 ke nan muna wannan harka, don haka zan faɗa maka abin da idona ya gani.

Rashin iya aiki bai taɓa ba mu matsala mai girma ba, ana koyo a hankali. Abin da ya kusa raba mu shi ne aikin da aka fara aka kasa gamawa. Ranar farko da muka haɗu, zumuɗi ya ɗebe mu muka ce za mu yi wa falon wani daga cikinmu fenti gaba ɗaya, har da ƙofofi da tagogi. Muka tattara kujeru da kabad a tsakiyar ɗaki, muka buɗe gwangwani wajen ƙarfe goma na safe. Sai da muka fara shafawa muka lura bangon yana da tsaga a wurare da yawa, ga maiƙon hannun yara a ƙasa-ƙasa inda fenti ya ƙi kamawa. Ƙofofin kuwa fentin mai muka sa musu, ba mu san yana bukatar awa 16 zuwa 24 kafin a ƙara shafi na biyu ba. Magariba ta yi, rabin bango fari, rabi yana nan yadda yake. Asabar ta gaba ɗayanmu ya yi tafiya, wadda ta biyo baya wani ba shi da lafiya. Sati uku iyalin mutumin nan suna raɓawa ta gefen tulin kaya, ba wurin saukar baƙo. Bai ce mana komai ba, amma na ga yadda ya rage kiranmu, kuma na san a cikin gida shi ke shan tambaya. Har yau idan na tuna ina jin nauyin abin, domin mun shiga gidansa da niyyar taimako muka bar masa wahala.

Daga nan muka kafa doka ɗaya: duk aikin da ba mu da tabbacin zai ƙare a yini guda, har da share wuri da mayar da kaya mazauninsu, ba ma taɓa shi. Idan babba ne, sai a yanka shi gida-gida yadda kowane yanki zai tsaya da kansa. Bango ɗaya yau, a gama shi tsaf, a mayar da kujera.

Game da abin da za ku fara da shi, ni famfo mai ɗiga nake ba da shawara. Kusan kowane gida akwai shi, kayan aikinsa sifana da sukurudireba ne kawai, kuma cikin awa ɗaya mai gida zai ga amfanin zuwanku. Galibi wata 'yar roba ce a ciki ta cinye. Ku fara rufe ruwan daga inda yake shigowa, ku buɗe famfon ya tsiyaye, ku toshe ramin kwatami da tsumma don kada ƙaramin sukuru ya faɗa ciki. Yayin kwancewa ku jera kowane abu bisa yadda ya fito, ko ku ɗauki hoto da waya. Idan ta wajen zaren haɗi ne ruwan ke tsattsafowa, farin tef ɗin nan na masu gyaran famfo shi ne maganinsa, amma a naɗa shi ta ɓangaren da ake ɗaurewa, in ba haka ba yana warwarewa da zarar an fara murɗawa. Kada kuma a ɗaure da ƙarfin tsiya. Mun taɓa fasa kan famfo sabo saboda wani yana ganin ƙarin murɗi shi ne ƙarin tsaro.

Bayan famfo sai ƙofa mai cijewa. Kafin kowa ya ɗauko abin fere katako, ku duba sukurun hinjin, sau da yawa su ne suka saki ƙofar ta sunkuya. Idan ramin ya yi faɗi sukuru ba ya kamawa, a cusa 'yan tsinkayen katako da gam, a bari ya bushe, a sake ɗaurawa. Katako yana kumbura idan iska ta yi laima, yana kuma tsukewa idan ta bushe. Wanda ya fere ƙofa da yawa a lokacin ruwa, in rani ya zo zai tarar da tazarar da hannu ke shiga.

Kafa kanta a bango shi ne aikin farko da ke bukatar huda, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. Wayoyin wuta da aka binne a bango yawanci suna tafiya ne a miƙe, sama ko ƙasa ko gefe, daga soket da makunni. Saboda haka kada a huda daidai saman soket ko ƙasansa ko a layinsa. Haka bangon da ke bayan banɗaki ko kicin, bututun ruwa na iya bi ta cikinsa. A auna sau biyu, a yi alama da fensir, a huda rami ɗaya a rataya, a duba daidaito, sannan a huda na biyu. A katako kuma, a fara yin siririn rami kafin a tura sukuru, musamman kusa da baki, don kada ya tsage.

Fenti ku bar shi sai kun saba da hannun juna. Idan lokacin ya zo, ku sani yawancin aikin yana kafin a buɗe gwangwani ne: wanke bango, cike tsaga, goge shi da samfefa, rufe ƙasa. Lita ɗaya ta fentin ruwa tana rufe kimanin murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi guda. Ɗaki mai mita 4 tsawo, 4 faɗi, 3 tsayi, bangonsa murabba'in mita 48 ne. In an cire ƙofa da taga ya rage kamar 44, shafi biyu zai ci wajen lita 9. Fentin ruwa ana iya ƙara masa shafi bayan kamar awa 4, shi ya sa ake iya gama ɗaki ɗaya a yini idan an yi gyaran bangon tun Asabar da ta wuce. Sabon shafen siminti kuwa ba a gaggawar yi masa fenti, a ba shi kamar sati 4, in ba haka ba zai ɓare. Idan gidan tsoho ne, ku yi hattara da kankare tsohon fenti a bushe. Wasu tsofaffin fenti suna ɗauke da dalma, Amurka ma sai a 1978 ta hana amfani da irinsa a gidaje, kuma ƙurarsa tana cutar da ƙwaƙwalwar yara ƙanana. A jiƙa wurin kafin a goge, a fitar da yara, a share da jiƙaƙƙen tsumma.

Yanzu maganar da ta fi ɓata zumunci, wato kayan aiki da kuɗi. Mutum zai yi haƙuri da bango mai karkataccen layi, amma zartonsa da aka ara wata uku ba a mayar ba, ko buroshinsa da aka bari fenti ya daskare a kai, wannan yana zama a rai, kuma kunya ba za ta bari ya yi magana ba. Mu abin da muka yi shi ne, kowane kayan aiki a gidan mai shi yake kwana. An gama aiki, an wanke, an goge, kowa ya ɗauki nasa a ranar. Duk abin da zai zauna a gidan, kamar fenti, ƙusa, katako, roba, mai gida ne ke saye, kuma ya tanada tun kafin ranar, don kada sauran su zauna jiran ɗaya ya dawo daga sayayya. Idan kayan aikin wani ya karye a tsakiyar aiki, mu duka muke haɗawa mu maye masa, ba a tambayar a hannun wa ya karye. Wannan na ƙarshe ya hana jayayya da yawa. Ban ba da shawarar ku haɗa kuɗi ku sayi babban inji tun farko ba. Abin da yake na kowa, ba mai kula da shi, kuma ranar da ɗaya zai ƙaura sai a rasa yadda za a yi.

A cikin ku biyar tabbas akwai wanda bai taɓa riƙe guduma ba, akwai kuma wanda ya iya komai. Wanda ya iya shi ne haɗari. Idan aka bar shi zai karɓe aikin, sauran su koma 'yan kallo, bayan wata biyu shi ya gaji, su kuma sun daina zuwa. Namu gwanin sai da muka roƙe shi ya riƙa sa hannu a aljihu yana faɗa da baki. Da farko ya sha wuya, aikin minti goma yana kallo ana yin sa a awa guda. Yau wanda a da ba ya bambance sifana da filaya shi ke gyara famfon gidan mahaifiyarsa da kansa, kuma wannan ya fi faranta mini rai a kan duk bangon da muka shafa. Ko riƙe tsani ma aiki ne, kada a raina shi. Tsanin da aka jingina, in tsayinsa zuwa inda ya dafa mita 4 ne, gindinsa ya nisanci bango da mita 1, kuma mai hawa kada ya miƙa jiki gefe don ya cim ma wani wuri, ya sauko a matsar.

Akwai abubuwan da ba ma taɓawa ko da mai gida ya nace: jan sabuwar wayar wuta, duk abin da ya shafi bututun gas, da fasa bango ko taɓa abin da ke ɗauke da rufi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A kira mai sana'ar, ku ku taya shi da kawar da kaya da share wuri. Ko sauya kan soket ne, a kashe wutar daga babban makashi, a gwada da testa, ba a dogara da cewa an ɗauke wuta, domin tana iya dawowa hannunka na kan waya. Ranar wankin banɗaki kuma kada a haɗa bilic da wani ruwan wanki, musamman mai asid ko amoniya, haɗin yana fitar da iska mai guba da ke kama ƙirji nan take. Ɗanyen siminti yana ƙona fata a hankali ba tare da mutum ya ji ba, a sa safar hannu.

Wani abu da ban zata zai yi tasiri ba shi ne ranar sha'awa. Ɗaya daga cikinmu haya yake a ɗaki ɗaya, ba shi da aikin da za a taya shi, sai ya zama kullum shi ke bayarwa ba ya karɓa. Da muka lura, sai muka ce duk zagaye na huɗu ba gyara, abin da mutum ke so kawai za a yi. Shi mai son shuka ne. Muka huda masa gindin tsofaffin bokitai don ruwa ya riƙa fita, domin yawancin shukar tukunya yawan ruwa ne ke kashe ta, saiwar ta ruɓe. Muka haɗa masa ɗan teburin ɗora su da ragowar katako. A ranar na koyi yadda ake gane kusurwa ta miƙe ba tare da wani ma'auni na musamman ba: ka auna santimita 30 a gefe ɗaya, 40 a ɗayan, idan tsakanin alamomin biyu ya ba ka 50 cif, kusurwarka ta yi daidai. Wani zagayen muka kwance keken wani muka wanke sarƙa muka gyara birki. Irin waɗannan ranaku su suka riƙe mu lokacin da gyare-gyaren gidajen suka ƙare, don suna ƙarewa.

Kada ku mai da shi kowace Asabar. Iyali ma suna da haƙƙi a ranar hutu, kuma gidan da za ku shiga ba na abokinku kaɗai ba ne. Ya shawarci maiɗakinsa tukuna, ita ta san wace rana ce ta dace da kuma wane gyara ne ya fi damun gidan, sau da yawa ba wanda shi yake tunani ba ne. Mu sau biyu a wata muke yi, daga safe zuwa azahar, wanda uzuri ya hana shi zuwa ba a bin sa bashi.

Asabar ɗinku ta farko, ku zaɓi gidan wanda ya fi kowa kunyar roƙo. Tun ranar Alhamis ya kwance famfon ya ciro tsohuwar robar, ya tafi da ita hannu a hannu wurin saye don a ba shi daidai girmanta, ya sayo biyu.