Jami'o'i Sun Ƙi Ɗauka Ta, Wani Ya Ce Zai Gyara Min

Tambaya: Malama, ina ajin ƙarshe na sakandare a Amurka. A ƙarshen Maris jami'o'i uku da na ƙwallafa rai a kansu suka ce ba su ɗauke ni ba, ɗaya kuma ta sa ni a jerin masu jira. Barci ya ƙaurace min, ko ido ba na iya haɗawa da iyayena. Yanzu wani ya ce wa babana ya san mutane a ofishin ɗaukar ɗalibai, in an biya shi zai sa a sake duba takarduna. Ya zan yi?

Amsa: Sannu 'yata, abin da ciwo. Amma ki sani, a 2022 mutum sama da 61,000 suka nemi shiga Jami'ar Harvard, ƙasa da kashi 4 cikin 100 aka ɗauka. Masu maki cikakke da yawa aka mayar, don kujerun ne ba su isa ba.

Batun mutumin nan ne ya fi damuna. Don Allah ki ce wa Baba kada ya ba shi ko sisi. Duk shekara da zarar sakamako ya fito sai irinsu su ɓullo, suna farautar iyayen da hankalinsu ya tashi, da zancen "ina da mutum a ciki". Ƙarya ce. Kwamiti ne ke yanke hukunci, kuma jami'o'i da dama ba sa ma karɓar ƙorafi. Waɗanda ke karɓa, kamar Jami'ar Kalifoniya, ɗalibi ne ke rubutawa da kansa, kuma sai da sabon dalili mai ƙarfi, misali an yi kuskure wajen shigar da makinsa. To me ɗan tsakiya zai sayar muku?

In ma da gaske yana da hanya, abin ya fi muni. A 2019 aka tona asirin Rick Singer, wanda ya riƙa karɓar kuɗin iyaye yana ba masu horar da 'yan wasa cin hanci a jami'o'i irin su Yale da Stanford. An gurfanar da mutum sama da 50, wasu iyayen sun yi zaman kurkuku, shi kansa aka yanke masa shekara uku da rabi a 2023. Akwai yaran da aka soke musu gurbi. Iyaye, ku ji tsoron Allah, yarinya tana cikin wani hali sai a ƙara jefa ta cikin wani?

Ita jami'ar da ta ce ki jira, ki rubuta mata gajeriyar wasiƙa cewa har yanzu kina so, ki haɗa da sabon makinki. Kada ki dogara da ita kaɗai: ki kama gurbi a wata jami'ar kafin 1 ga Mayu. Akwai masu ci gaba da karɓar takardu har bayan nan, akwai kuma kwalejin al'umma ta shekara biyu, wadda daga ita ake komawa jami'a a ƙarasa digiri.

Rashin barcin nan kuma kada ki raina shi. Ki zauna da Mama ki faɗa mata abin da ke ranki, ki ga mai ba da shawara na makarantarku cikin makon nan. Idan tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, ki kira 988, lambar agajin masu irin wannan damuwa a Amurka, nan take, dare ko rana akwai mai ɗauka.