Amsa ga tambaya kan maganin homon bayan ɗaukewar al'ada

Hajiya, kin ce shekararki 52, zufar dare ta hana ki barci, likita ya kawo maganar maganin homon (wanda ke maye gurbin sinadaran jikin mace da ke raguwa bayan ɗaukewar al'ada) amma kina tsoron sankarar mama. Tsoron nan ya samo asali ne daga wani babban bincike a Amurka da aka dakatar a 2002, wanda ya nuna ƙarin haɗarin sankarar mama da daskarewar jini. Sai dai yawancin matan da ke cikinsa sun haura 60. Ga wadda ta fara maganin kafin 60, ko cikin shekara 10 da ɗaukewar jini, amfaninsa yakan rinjayi illarsa, har ƙashi yake karewa.

Idan mahaifarki na nan, kada ki yarda da homon ɗin da ake kira estirojin shi kaɗai, dole a haɗa da wani homon mai suna furojestaron don kare bangon mahaifa. Maganin na mannawa a fata ko na shafawa ya fi ƙwaya ƙarancin haɗarin daskarewar jini. Yayata da shi ta samu lafiya, da can sau biyu take canza riga kafin asuba.

Amma in kin taɓa sankarar mama, shanyewar ɓarin jiki ko ciwon hanta, ko kina ganin jini babu dalili, ki gaya wa likita tukuna. Allah ya ƙara sauƙi.