Safiyon gwamnati da fulotin da aka ba shi kyauta

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni safiyo ne a ma'aikatar ƙasa da safiyo ta jiharmu, ritaya ta matso kuma har yau gidan haya nake. An tura ni awon wata gona da magada za su yanka fulotai. Da na kafa duwatsun iyaka, sai babbansu ya ce sun ba ni fuloti ɗaya na kan kwana, ban roƙa ba. Fayil ɗin yana tebur ɗina, sa hannu ya rage. Ya halatta in karɓa?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya rufa maka asiri. Aikinka halal ne, mai daraja kuma, domin Sayyidina Umar da kansa ya tura Usman bn Hunaif ya auna ƙasar Iraƙi. Haramcin cin hanci kuwa ka san shi.

Inda na tsaya shi ne faɗinka cewa sa hannu ya rage. Ashe aiki bai ƙare ba. Mutanen nan suna jiran alƙalaminka kafin su nemi takardar mallaka, tunda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, kai kuma idonsa ne a wurin. Gobe in ka duba zanen ka ga titi ya matse, ko an cinye hanyar ruwa, da wane baki za ka ce a gyara, alhali fulotinka na cikin zanen? Bai halatta ka karɓa ba.

Akwai masu cewa kyautar da aka yi da daɗin rai, ba sharaɗi, ba roƙo, halal ce ga ma'aikaci. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Ibnul Lutbiyya, da Annabi (SAW) ya tura karɓar zakka, bai roƙi kowa ba, amma da ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, sai Annabi ya hau mumbari ya tambaya me ya hana shi zama gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa. Ma'aunin ke nan: da ba kai ke riƙe da fayil ba, sun san ƙofar gidanka? Masu waccan magana suna kafa hujja da cewa Annabi yana karɓar kyauta. Umar bn Abdul'aziz ya amsa wannan tuntuni, ya ce a zamanin Annabi kyauta ce, yau kuwa rashawa. Daɗin ran ma da ake faɗa, wanda ke tsoron fayil ɗinsa ya kwana shekara a durowa ba sakin zuciya ya bayar ba. Sannan babbansu ne kaɗai ya yi magana. Matan cikin magadan an tambaye su? Akwai marayu? Rabon maraya ba mai ikon kyautar da shi.

Kada kuma ka sa sunan matarka ko ƙaninka, ko a rubuta ciniki da kuɗin da bai kai na buhun siminti goma ba. Duk abu guda ne. Ka mayar musu cikin mutunci, ka gama aikinsu a kan lokaci.

Ka kula da yaran da ke riƙe maka na'ura, kada dillali ya sa su gusar da dutse ko taku ɗaya, domin tsinuwa ta tabbata a kan mai canza alamun ƙasa. Batun muhalli kuwa, ka nemi fili ta hanyar rabon da gwamnati ke yi wa ma'aikata, ko ka saya da kuɗin sallamarka a wurin da ba kai ka auna ba.

Wallahu a'alam.