Tambaya da Amsa: Ta Yaya Zan Rubuta Juriyar 'Yar Italiya da Ta Rasa Miji da 'Ya a Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni marubuciya ce, kuma na soma rubuta ƙagaggen labarin tarihi a kan wata mata 'yar Italiya da ta yi ƙaura zuwa Amurka a farkon ƙarni na 20, inda ta rasa mijinta, daga baya kuma ta rasa babbar 'yarta. Waɗanda na bai wa babukan farko sun ce labarin yana da ban tausayi, amma matar ba ta yi kama da mutum ba, domin ba abin da take yi sai kuka da haƙuri. Me ya kamata in sani na tarihin wannan zamani, kuma yaya zan nuna juriyarta ba tare da na mayar da ita waliyyiya ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Masu karatunki sun yi miki adalci, domin abin da suka gano shi ne ciwon da ya fi kama irin wannan rubutu. Marubuci yakan ɗauka cewa idan ya jibga wa tauraruwarsa musiba a kan musiba, ya kuma yawaita yaba haƙurinta, to ya nuna juriya. Shi kuwa mai karatu ba ya gamsuwa sai ya ga abin da matar ta yi washegarin mutuwar: wa ya biya kuɗin akwatin gawa, da me aka biya hayar wata mai zuwa, wane yaro aka cire daga makaranta, kuma wa ta ɓata wa rai kafin ta samu abin da take nema. Tarihin ƙaurar Italiyawa ya ajiye amsoshin waɗannan tambayoyi dalla-dalla, kuma daga nan ne matar taki za ta samu nama da jini.

Ki fara da inda ta fito. Tsakanin 1880 da 1924 Italiyawa fiye da miliyan 4 ne suka shiga Amurka, kuma mafi yawansu daga kudu suka taso, wato Sisiliya da Kalabriya da Basilikata da ƙauyukan da ke kewaye da Napoli. Haɗewar Italiya a 1861 ba ta sauƙaƙa wa manomin kudu komai ba, haraji ya yi nauyi, gonaki na hannun manyan masu ƙasa, zazzaɓin cizon sauro kuma yana cin mutane a kwaruruka. Macen da ta taso a irin wannan wuri ba ta kallon kanta a matsayin 'yar Italiya, ita 'yar ƙauyen kaza ce, tana magana da harshen yankinta wanda mutumin Milan zai sha wuya kafin ya fahimta, kuma da wuya a ce ta iya karatu. Wannan rashin karatu yana da amfani ƙwarai ga labarinki. Duk wasiƙar da ta zo mata sai wani ya karanta mata, duk wadda za ta aika sai ta faɗa wani ya rubuta, saboda haka asirinta kullum yana hannun mutum na uku, kuma mummunan labari yakan iso mata ne daga bakin maƙwabci ko yaron da ya je makaranta.

A mafi yawan lokuta mijin ne ke fara tafiya, kamar ɗan ci-rani, da niyyar tara kuɗi ya komo, matar kuma ta yi shekaru tana jira kafin a aiko mata da tikiti. Za ta hau jirgin ruwa a Napoli ko Palermo, ta yi kusan mako biyu a can ƙasan jirgi inda ake cusa talakawa, sannan ta sauka a tsibirin Ellis na New York, tashar tantance baƙi da aka buɗe a 1892. A nan likitoci ke birkice fatar idon mutum suna neman ciwon idon nan mai yaɗuwa da ke makantarwa, suna kuma yi wa wanda suke zargi alama da alli a jikin riga. Kimanin kashi 2 cikin 100 ne kawai ake mayarwa, amma macen da ta zo ita kaɗai ba a cika sakinta ba sai wani nata ya zo ya karɓe ta. Kada ki daɗe a wannan babi, an rubuta shi sau da yawa, kuma ainihin labarinki yana gaba.

Mutuwar mijin ita ce wurin da ya kamata ki zauna ki yi lissafi. Mazan Italiya a wancan zamani suna haƙa ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa a New York, suna shimfiɗa layin dogo, suna shiga mahaƙar kwal. A ranar 6 ga Disamba 1907 mahaƙar Monongah da ke jihar West Virginia ta fashe, inda hukuma ta ƙirga mutum 362 da suka mutu, 171 daga cikinsu Italiyawa. Idan a irin wannan wuri kika kashe mijin, to ki tuna gidan da suke ciki na kamfani ne, kantin da suke cin bashi ma na kamfani ne, kuma babu wata dokar da ta tilasta a biya matar diyya kai tsaye. Sai dai ta shigar da ƙara ta tabbatar da sakacin kamfani, a harshen da ba ta ji, da kuɗin lauyan da ba ta da shi. Ko a jihar New York, dokar diyyar ma'aikata da aka yi a 1910 kotu ta soke ta a ranar 24 ga Maris 1911. Ki riƙe wannan ranar, za mu dawo kanta.

Abin da ya fi tsorata talakan Italiya a New York shi ne a binne nasa a kabarin gwamnati na tsibirin Hart, inda ake jera akwatuna a rami ɗaya ba tare da dutsen suna ba. Saboda haka ne mutanen kowane ƙauye suka kafa ƙungiyoyin taimakon juna, da sunan waliyyin garinsu, suna zuba 'yan kuɗi kowane wata domin jinya da jana'iza. Tambayar da za ta ba ki babi guda cur ita ce: shin mijin yana biyan kuɗin ƙungiya, ko ya daina watanni uku kafin ya mutu bai gaya mata ba? Sannan ki kula da makokin. Marubucin Hausa yakan zame, ba da saninsa ba, ya sa matar ta yi zama irin na takaba mai iyakantattun kwanaki. Ita wannan 'yar Katolika ce daga kudancin Italiya, baƙaƙen kaya za ta sa na shekaru, wata ma har ƙarshen rayuwarta, kuma da baƙaƙen kayan za ta fita neman abinci tun makon farko, maƙwabta na lura da ranar da za ta kuskura ta sa wani launi.

To da me za ta ci? Idan ta koma wurin danginta a New York, titin Elizabeth na 'yan Sisiliya ne, titin Mulberry kuma na mutanen Napoli. A ɗaki biyu ko uku na gidan haya mai hawa biyar ko shida za ta iya ɗaukar maza 'yan ƙauyensu su riƙa kwana da ci suna biya, abin da ke kawo kuɗi yana kuma jawo tsegumi ga macen da ba ta da miji. Za ta iya karɓo aikin gida daga 'yan kwangila, ta riƙa ƙarasa ɗinkin wanduna ko haɗa furannin ado na hular mata, ita da yaranta a kan teburin cin abinci, ƙaramin yana miƙo ganye, na tsakiya yana shafa gam, har fitila ta cinye mai. Akwai gidajen marayu, ciki har da waɗanda Uwa Cabrini, wata sistar Katolika 'yar Italiya, ta kafa bayan isowarta New York a 1889, kuma mata da yawa sun kai 'ya'yansu can da niyyar ɗauko su idan hali ya yi. Tallafin gwamnati ga iyaye mata da mazansu suka mutu bai fara ba sai 1911 a jihar Illinois, New York kuma sai 1915.

A nan ne, a ganina, maganin matsalarki yake. Hanyar da ta fi kawo kuɗi ita ce ta tura babbar 'yarta masana'antar ɗinki, ko da yarinyar ba ta wuce shekara 15 ba, ko da mahaifinta ya rantse 'yarsa ba za ta yi aiki a cikin baƙin maza ba. Ki sa ita ce ta yanke wannan shawara, da hankalinta, bayan ta ƙirga kuɗin haya sau biyu, ki kuma sa shawarar ta yi amfani: aka biya bashi, aka ɗauko ƙaramin yaro daga gidan marayu. Sannan a ranar Asabar 25 ga Maris 1911, kwana ɗaya tak bayan soke dokar diyyar da na ambata, gobara ta tashi a masana'antar riguna ta Triangle da ke New York, a hawa na 8 da na 9 da na 10. Ɗaya daga cikin ƙofofin fita a hawa na 9 a kulle take, tsanin 'yan kwana-kwana kuma bai wuce hawa na 6 ba. Mutum 146 suka mutu, 123 daga cikinsu mata, galibi 'yan ƙaura Yahudawa da Italiyawa. An jera gawarwakin a wata rumfar bakin ruwa da ke titi na 26, iyaye suna bin layi suna gane nasu ta zobe ko takalmi ko haƙori. A watan Disamba kotu ta wanke masu kamfanin, Max Blanck da Isaac Harris, daga baya kuma aka sasanta ƙararrakin iyalai a kan dala 75 kowane rai.

Idan kika gina labarin haka, ƙoƙarin da ta yi na tsayawa da ƙafarta bayan rashin farko shi ne ya buɗe ƙofar rashi na biyu, kuma ta san da haka. Macen da ke ɗauke da wannan nauyi ba za ta zama waliyyiya ba ko da kin so. Za ta yi fushi, za ta tsananta wa 'yar da ta rage har ta hana ta leƙa ƙofa, za ta iya ƙin karɓar dala 75 ɗin yau ta koma ta karɓa bayan wata biyu saboda hunturu ya shigo. Ibadarta ma ki ba ta zafi. Matan kudancin Italiya suna yin alkawari da waliyyai kamar masu ciniki, kuma wadda aka ƙi biya wa bukata tana iya juya fuskar gunkin waliyyi ya kalli bango. A bikin Maryamu ta Dutsen Karmel da ake yi kowace 16 ga Yuli a gabashin unguwar Harlem ta New York, mata kan bi jerin gwano ba takalmi, ɗauke da manyan kyandirori, domin cika alkawari. Shekarar da tauraruwarki ta ƙi fita wannan jerin gwano za ta gaya wa mai karatu abin da shafi goma na hawaye ba zai gaya masa ba, haka ma shekarar da ta koma.

Zan ja kunnenki a kan abu ɗaya. Zamanin cike yake da bala'o'i: girgizar ƙasar Messina ta 28 ga Disamba 1908 da ta kashe mutum fiye da 70,000, annobar shan inna ta 1916 a New York wadda aka ɗora wa Italiyawa laifinta, murar 1918 da ta kashe kimanin mutum 675,000 a Amurka. Kwaɗayin marubuci ne ya sa mace ɗaya ta ratsa dukansu, kuma da zarar an yi haka labarin ya koma jadawalin tarihi. Rashi biyu sun ishe ki. Sauran su wuce ta gefenta, ta ji su a bakin maƙwabta ko a jaridar Italiyanci da wani ke karanta wa mutane da ƙarfi a shagon aski. Haka kuma, tunda sunayen waɗanda suka mutu a Triangle da Monongah sanannu ne kuma suna da jikoki a raye, ki ƙirƙiro wa iyalinki suna da ƙauye nasu, kada ki ari rayuwar wata yarinya ta gaske ki sa mata maganar da ba ta yi ba.

Game da inda za ki tsaya, shekarar 1924 ta dace. Dokar shige da fice ta wannan shekara ta rage adadin Italiyawan da za a karɓa zuwa ƙasa da 4,000 a shekara, bayan a baya akwai shekarun da suka haura 200,000. A ƙarƙashinta iyayen ɗan ƙasa suna da fifiko a layi, iyayen baƙo kuwa ba su da shi. Kafin 1922 mace tana samun zama 'yar ƙasa ne ta hannun mijinta idan ya samu takarda, amma mijin tauraruwarki ya mutu bai samu ba, don haka sai ta nema da kanta, kuma dokar neman zama ɗan ƙasa ta 1906 ta sharɗanta iya magana da Ingilishi. Ke nan idan tana son kawo tsohuwar mahaifiyarta daga Sisiliya, dole mace mai shekara arba'in da wani abu, wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, ta shiga ajin dare, ta nemi shaidu biyu 'yan ƙasa, ta tsaya gaban alƙali ta amsa tambayoyi a kan tsarin mulkin Amurka. Ko ta ci jarrabawar ko ta faɗi, ko tsohuwar ta rayu har takardar ta fito, wannan ke za ki yanke gwargwadon matar da kika gina a babukan baya.