Amarya, nemi littafin da za ki iya karantawa a tsakar gida

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa gidan zamanki ne, ya ba da zuri'a ɗayyiba. Kin ce an kawo ki wani ƙauye a ƙasar Gumel, maigida yana fita tun safe, kaɗaici ya dame ki, littattafan waya kuma sun fara gundurar ki ga cin data. Shi ne kike tambaya me muke karantawa yanzu, kuma da wanne za ki fara. Ni ma a wannan yankin nake aure, ina koya wa matan aure karatu da rubutu bayan la'asar, don haka abin da zan faɗa miki a kan tabarma na koye shi.

Abin da ke hannuna yanzu Shaihu Umar ne, na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mutane da yawa sun san shi a matsayin Firayim Minista, ba su san ya rubuta labari tun yana malamin makaranta a Bauchi ba. Littafin yana cikin biyar ɗin farko da aka buga a Zariya bayan gasar rubuta labarai da wani Bature, Rupert East, ya shirya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Siriri ne, in ke kaɗai ce a yini ɗaya za ki gama shi. Amma ni ba ni kaɗai nake karanta shi ba, ga matan gidanmu da maƙwabta nake karantawa bayan isha'i, suna ɓarar gyaɗa ina riƙe da fitilar sola, shi ya sa muka daɗe ba mu kai ƙarshe ba.

Labarin yaro ne da aka sace a zamanin cinikin bayi, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, aka ƙetara hamada da shi, ya tashi ya zama malami. Lokacin da nake makaranta hankalina yana kan yaron ne kawai. Matan nan kuwa ba ruwansu da malantarsa, uwar suka bi. Ita ce ta bar komai ta shiga duniya neman ɗanta har ita ma ta faɗa bauta. Duk inda na zo kanta sai ki ji ɓarar gyaɗa ta tsaya. Wata tsohuwa da muke kira Iya ta dakatar da ni wani dare, ta ce kakarta ta ba ta labarin yadda ake ɓoye yara a rumbu in an ji mahara, daga nan hira ta ɓarke, kowa da abin da ta ji a gidansu, ranar ko shafi biyu ban karanta ba. Ba zan gaya miki yadda aka ƙare da uwar ba, ki nema da kanki.

To ga inda shawarata ta bambanta da ta 'yan uwan da ke birni. Ke matsalarki biyu ce, ta abin karantawa da ta kaɗaici, kuma littafin da za ki ƙule a ɗaki da shi ɗaya kawai zai magance, wata ƙila ma ya jawo miki suna. A ƙauye amaryar da ba ta fitowa, kullum ido a waya, nan da nan za a ce girman kai gare ta, 'yar boko ce. Amma wadda ta iya karatu kuma take karanta wa mutane, kafin ta ankara har ajiye mata wuri ake yi. Saboda haka ki zaɓi littafin da kunne zai ji daɗinsa, wanda kuma ba za ki ji nauyin karanta kowane shafinsa a gaban uwar mijinki ba.

In da wannan ma'auni za a bi, da Magana Jari Ce za ki fara. Littafi uku ne, na Abubakar Imam, wanda daga baya ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. A na ɗaya aku ne yake ta jero wa ɗan sarki labarai don ya hana shi fita, kowane labari kuma gajere ne, za ki gama shi kafin yara su yi barci, wadda ba ta zo jiya ba ma ba ta rasa komai ba. Hausarsa ta baka ce, kamar mutum yana zaune yana ba ki, ga karin magana da za ki ji tsofaffi suna ƙarasa miki kafin ki kai ƙarshen jimla. In kin ga sun saba, ki kawo Ruwan Bagaja, shi ma nasa ne. Rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ya taɓa sa maigidanmu leƙowa daga zaure ya ji ko lafiya, saboda dariyar da ake yi.

Akwai wanda nake so ƙwarai amma ba na sa shi a wannan layi, Alhaki Kwikwiyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin Rabi ne, matar da mijinta ya kora da 'ya'yanta bayan ya yi sabon aure, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Littafi ne mai faɗin gaskiya ba kara, har an fassara shi da Turanci an buga a Indiya. Ki karanta shi, amma ke kaɗai tukuna. Gidan da ake da kishiyoyi, in amarya ta buɗe wannan a tsakar gida, kowace sai ta ɗauka da ita ake, kuma ba za a yarda ba habaici kike yi ba. Sai kin san halin gida, kin san wa ke ga-maciji da wa.

Game da littattafan waya, ni ba na cikin masu yi musu kuɗin goro. Akwai marubuta mata masu basira a cikinsu, kuma tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016 aka ga irin gajerun labaran da matanmu za su iya rubutawa in sun natsu. Abin da ya gundure ki na san shi. Labarin da ya kamata ya ƙare a babi ashirin sai a yi ta jan sa, kamar kunun da aka cika wa ruwa, saboda sai an biya ake ci gaba. Kowa a ciki ɗan Abuja ne, yau Dubai gobe Landan, babu mai zuwa rijiya babu mai jiran damina. Ga rubutun babu ƙugiya, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, wanda ni a matsayina na mai koyarwa shi ya fi ci mini rai, don ɗalibata in ta saba da shi sai na sake gyara ta daga farko. Waɗanda suka cika batsa kuwa ba sai na ce komai ba. Sannan in kin sayi na kuɗi kada ki tura wa wasu, haƙƙin mai shi ne, ta ɓata dare tana rubutawa.

Kada ki manta da waƙa. Muna da namu a nan Jigawa, marigayi Mu'azu Haɗeja, an tattara waƙoƙinsa a littafi, kuma Infiraji ta Aliyu Namangi za ki tarar tsofaffin gidanku sun haddace baitoci da yawa ba tare da sun taɓa ganin takardar ba. Ke ki ja baiti kawai, za su karɓe.

Samun littattafan shi ne aiki. Masu shimfiɗa littattafai a bakin masallacin Juma'a ko a kasuwar Maigatari ranar Alhamis yawanci su Ahalari da Ishmawi da Arba'una suke kawowa, amma in maigida ya ba su suna a rubuce sukan taho da shi daga Kano wani makon. Direban da ke zuwa Kano ma zai iya tsayawa Sabon Gari ko Kurmi. A ce masa ya duba shafuka kafin ya biya, don akwai bugun jabu da za ki tarar an tsallake shafi goma a tsakiya, ko tawada ta dushe. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce malamin Hausa na sakandaren da ke kusa da ku, da yaran da suka gama jarrabawa suka jefa nasu a ƙarƙashin gado. Mu a ajinmu ɗan adashe muka yi, duk wata a sayo ɗaya, a rubuta sunan wadda ta ara a bayan littafin rajista. In ba a rubuta ba, aro ba ya dawowa. Ki sa su a leda ki rufe a kwalla ko akwatin ƙarfe, kada ki jingina su da bangon ƙasa, gara ba ta da imani.

Lokaci ma ki lura da shi. Da damina kowa a gajiye yake dawowa daga gona, ba mai sauraron ki. Kaka da hunturu ne lokacinsa, sa'ad da ake zaman ɓarar gyaɗa da zoɓo. Ki fara gaya wa maigida da uwar gida kafin ki tara mutane. Ki tsaya a inda labari ya yi daɗi, ko sun roƙe ki, gobe da kansu za su aiko yaro. In akwai yarinya 'yar aji biyar ko shida a gidan, ki riƙa miƙa mata ta karanta sakin layi ɗaya, ko da tana in'ina, uwarta ba za ta manta miki ba.

Mu in mun gama Shaihu Umar, Jiki Magayi nake so mu shiga, sai dai kwafin da ke hannuna shafukan ƙarshe sun zube. In akwai 'yar uwa a wajen Gumel ko Gagarawa da ke da cikakke, ta taimaka mana da aro, zan ba ta Magana Jari Ce na uku ta riƙe har mu gama.