Tambaya da Amsa: Kwamfuta na cewa akwai saƙo 3, ni ko ban ga komai ba

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Samaru, da manhajar Thunderbird nake karɓar imel ɗin ɗalibai masu turo furojet. Yau sati biyu kenan inbos na nuna 3 wai ban karanta ba, na duba sama da ƙasa wallahi babu, a waya kuma komai tas. Ko kutse aka min? Mai karatu daga Samaru, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, wannan bai yi kama da kutse ba. Thunderbird ba ya bin saƙonni ɗaya-ɗaya yana ƙirgawa duk sanda ka buɗe shi, kowace folda tana da wani ɗan fayil da sunansa ke ƙarewa da .msf, kamar rajista ne, nan yake rubuta wanne ya shigo wanne aka karanta, to in aka ɗauke wuta ko netwok ya yanke yana tsakiyar rubutu sai rajistar ta rikice, saƙonnin lafiyarsu ƙalau amma lissafin ya kauce.

Amma fara tabbatarwa tukunna. Danna Quick Filter ka zaɓi Unread, don wani lokacin tsohon saƙo ne ya maƙale can ƙasa ko ya ɓuya cikin jerin amsoshin da aka naɗe. In bai fito da komai ba, danna inbos da maɓallin dama na maus, shiga Properties, ka danna Repair Folder. Zai sake gina rajistar. Ka bari sai kana da wuta da data mai kyau, in akwatin ya cika yana iya sake sauke saƙonni da yawa.

Abin da nake roƙonka, kar ka bari wani ya ce a goge akawun a sake sawa kawai. Leƙa Server Settings ka ga wane tsarin karɓar imel kake kai, IMAP ne ko POP. In IMAP ne saƙonninka na kan saba, wato kwamfutar kamfanin imel ɗinka. In POP ne kuwa mai yiwuwa kwamfutar nan ce kaɗai ke riƙe da su, furojet ɗin yaran mutane ne fa, kwafe foldar profile, wato inda Thunderbird ke ajiye saƙonninka da saitinka, a filash kafin ka taɓa komai.

Masu Outlook kuma ku leƙa ɓangaren Other da ke gefen Focused, sau da yawa saƙon na nan zaune.